Ra'ayinmu: Suna Linzami Ne, Har a Cikin Kwamfuta

Ya 'yan'uwa ɗalibai, a zangon karatun da ya wuce kuka ɗaya ya yi ta zuwa mana daga masu koyon ilmin kwamfuta. Ɗalibi zai kwana yana rubuta ɗan shirinsa, ya harhaɗa shi ya zama fayil mai aiki da kansa, ya latsa shi cikin murna, sai allo ya dusashe, akwati ya fito yana neman kalmar sirrin mai kula da na'ura, watau wanda muke kira admin. Alhali kuwa shirin ba abin da yake yi sai jera sunaye ko tara maki. A ɗakin kwamfuta, inda ɗalibi ba shi da wannan kalma, aiki ya tsaya ke nan, ga ranar miƙa shi ta ƙarato.

Waɗansu sun ce ƙwayar cuta ce ta shiga na'ura, waɗansu kuma sun zargi ma'aikata da ƙeta. Mu dai a ganinmu duka biyun kuskure ne, kuma ya kamata a san asalin al'amarin.

A zamanin Windows XP, wadda ta fito a 2001, akasarin mutane suna aiki ne da cikakken iko a kan na'urarsu, saboda haka duk shirin da suka buɗe, nagari ko mugu, yana iya taɓa ko'ina. Da kamfanin Microsoft ya fito da Windows Vista a farkon 2007, sai ya kafa tsarin da ake kira UAC. A ƙarƙashinsa ko mai na'ura da kansa da ƙaramin iko yake aiki, sai in wani shiri ya nemi babban iko a tambaye shi tukuna. Wannan tunani ba sabo ba ne: tun 1975 masana biyu na jami'ar MIT a Amurka, Jerome Saltzer da Michael Schroeder, suka bayyana ƙa'idar cewa kada a ba wani shiri iko fiye da wanda aikinsa ke bukata.

To, amma akwai dubban tsofaffin shirye-shirye na girka manhaja waɗanda aka rubuta kafin Vista. Lalle suna bukatar babban iko, amma ba su san yadda za su nema ba. Don kada su lalace, sai aka koya wa Windows yin hasashe. Idan fayil na tsarin bit 32 ne, kuma bai zo da takardar bayanin kansa mai faɗin irin ikon da yake so ba, sai Windows ta duba sunansa da bayanan da ke jikinsa. In ta ga kalma irin setup, install, update ko patch, sai ta ɗauka mai girka manhaja ne, ta manna masa alamar garkuwa, ta nema masa izinin admin ko bai roƙa ba. Wannan hasashe yana nan har a Windows 10 da 11.

Ashe ɗalibin da ya raɗa wa aikinsa suna update_maki.exe, ya kuma harhaɗa shi da tsohon kayan aiki wanda ba ya saka wannan takarda, shi ya jawo wa kansa tambayar bai sani ba. Ba mu kaɗai abin ya sama ba. Sanannen shirin nan patch, wanda masana ke gyara rubutun manhaja da shi, ya sha wannan wahala a kan Windows saboda sunansa kurum.

Magani kuwa bai da wuya. Sauya suna yakan kawar da tambayar nan take, amma wannan dabara ce ta mai gaggawa. Gyara na sosai shi ne a haɗa wa shirin takardar bayanin kansa, wadda ake kira manifest, a rubuta a ciki cewa matsayinsa asInvoker ne, ma'ana ikon wanda ya buɗe shi ya ishe shi. Da zarar shiri ya faɗi matsayinsa da bakinsa, Windows ta daina yi masa hasashe. Sai wanda da gaske zai taɓa gaɓoɓin na'ura ne ya cancanci a rubuta masa requireAdministrator.

Abin da ya fi damun mu shi ne hanyoyi biyu da muka ga 'yan'uwanmu suna bi. Waɗansu suna kashe UAC ɗungurungum a kwamfutocinsu, kamar mai gidan da ya sallami mai gadi don ya cika tambayar baƙi. Waɗansu kuma sun saba da latsa amincewa ba tare da karanta kome ba. Ran da mugun shiri ya iso ta filashin aboki, hannun da ya saba zai buɗe masa ƙofa, littafin bincike na shekara guda ya salwanta. Daɗin daɗawa, mu ne gobe za mu rubuta wa asibitoci da bankuna manhaja. In muka fita da ɗabi'ar neman babban iko a kan kowane ƙaramin aiki, jama'ar da suka dogara da mu su ne za su biya.

Saboda haka muna kira ga malamanmu da su koyar da wannan batu tun a shekarar farko, tare da darasin harhaɗa shiri. Muna roƙon ma'aikatan ɗakin kwamfuta su sabunta kayan harhaɗawa, su kuma riƙa yi wa ɗalibi bayani maimakon korarsa. Ga 'yan'uwanmu ɗalibai kuwa, duk sa'ad da akwatin nan ya fito, a tsaya a tambayi kai: mene ne wannan shiri yake so ya yi da har yake neman mabuɗin gida duka? In babu amsa mai gamsarwa, a ƙi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.