Intanet daga sama yake zuwa, amma wutarsa a ƙasa ake nema

A Amurka akwai mutanen da mota ce gidansu. Babbar mota ce mai gado da kicin da banɗaki a ciki, wadda suke kira RV. Wasu tsofaffin ma'aikata ne da suka yi ritaya, wasu matasa ne masu aiki ta kwamfuta, wasu kuwa tsadar haya ce ta koro su kan titi. In hunturu ya shigo, dubbansu kan sauka a hamadar jihar Arizona, kusa da garin Quartzsite, su ya da zango a filin gwamnati inda babu turken lantarki, babu famfo. Tun da kamfanin SpaceX ya fito musu da tsarin Starlink na masu yawo a watan Mayun 2022, samun intanet a daji ya daina zama matsalarsu. Abin da ke hana su barci yanzu shi ne batir: zai kai asuba ko ba zai kai ba?

Na ɗauko zancensu ne domin sun riga mu shiga ramin da nake ganin da yawa daga cikinmu na shirin faɗawa. Mai son sayen Starlink yakan tambayi kuɗin faranti da kuɗin wata, ya manta da tambaya ta uku, wato wutar da na'urar ke sha. Alhali sayen doki ba shi ne wahala ba, harawarsa ce.

Bari mu yi lissafin tare. Babban farantin Starlink da ake sayarwa yanzu yana shan wat 75 zuwa 100, a ƙiyasin kamfanin kansa. In ka bar shi a kunne dare da rana, zai cinye wat-awa 1,800 zuwa 2,400. Batirin litiyam mai lamba 100Ah, irin wanda masu sola suka sani, yana ɗaukar wat-awa 1,280 ne in ya cika taf. Ga shi kuma babban farantin da wutar gida yake aiki, galibi sai an haɗa shi da inbata, ita ma inbatar tana cin nata rabon, kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100. To, ka ga batirin nan da ƙyar zai yi awa 12. In kuwa batirin ruwa ne mai dalma, rabin abin da ke cikinsa kawai ake taɓawa in ana son ya yi ƙarko, ke nan awa 6 ka samu. Ka kunna da magariba, tsakar dare ya mutu.

Shi ya sa mazauna motocin nan suka yi maraba da ƙaramin faranti, Starlink Mini, da ya fito a 2024. Shi wat 25 zuwa 40 yake sha, kuma yana karɓar wutar batir kai-tsaye, daga bolt 12 zuwa 48, ba ruwansa da inbata. Batirin litiyam ɗin da babban faranti ya ƙarar a awa 12, ƙaramin zai yi wajen awa 40 a kansa. Wurin sola ma haka abin yake. Allon sola na wat 200 kan iya mayar da abin da ƙaramin ya sha a yini in rana ta yi kyau, shi kuwa babban sai an tanadar masa wat 500 zuwa 600.

Sun kuma koyi wasu dabaru da ba sa cin ko sisi. A manhajar Starlink akwai wurin sa wa faranti lokacin barci, ya kwanta da dare ya tashi da safe. Akwai kuma tsarin da ke ɗumama shi don narkar da dusar ƙanƙara, wanda suke kashewa in ba su cikin ƙanƙara. Sun gano cewa waya siririya mai tsawo tana rage ƙarfin wutar batir kafin ta isa, sai ka ga na'ura na mutuwa tana tashi, mai ita yana zagin kamfani alhali wayarsa ce. Ba sa kuma jona farantin da batirin da ke ta da injin mota, don kada gari ya waye mota ta ƙi tashi a inda babu mai tura ta.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da masu yawon shaƙatawa a Amurka? Ai ruwanmu ne ƙwarai. Yawancinsu da zaɓinsu suka bar wutar gwamnati, mu kuwa ita ce ke barinmu. Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ya shiga Gana a Agustan 2024, sannan Nijar da Chadi a 2025. A Sudan, da layukan waya suka ɗauke a Fabrairun 2024 saboda yaƙi, da irin waɗannan faranta jama'a suka riƙa jin muryar 'yan uwansu da karɓar kuɗin da aka turo musu. Wanda ya fi kowa buƙatar na'urar nan, wato direban babbar mota, da mai fataucin shanu, da malamin asibitin ƙauye, da mai shagon cajin waya, shi ne wanda ya fi kowa nisa da wuta tsayayya. Mutumin Gana da ya sha dumsor ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Yanayinmu ma da nasa sharaɗin. Ƙurar hunturu tana rufe allon sola ta rage abin da yake bayarwa, hadarin Agusta kan ɓoye rana kwana biyu ko uku, zafin bazara kuma yana tsufar da batir da wuri. Farantin kansa an ƙera shi ne ya jure zafi har digiri 50, wanda kwanon rufi a tsakar ranar Afrilu ba ya jin nauyin kai wa. Saboda haka duk lissafin da aka yi, a ƙara masa rara.

Ban ce ƙaramin faranti ya dace da kowa ba. Mai son sayar wa mutanen unguwa intanet, waya talatin ko arba'in a lokaci guda, babban ne zai fi yi masa aiki, domin ya fi ƙarfi kuma na'urarsa ta raba intanet ta fi kai wa nesa. Amma fa ya sani cewa batir da sola da inbata na iya kai kuɗin farantin, ko su zarce. In bai sa su cikin jari ba tun farko, janareta zai koma, man fetur ya cinye ribar.

Kirana ga dillalai shi ne su riƙa faɗa wa mai saye gaskiyar wat ɗin kafin ya zaro kuɗi. Sayar wa mutumin da ba shi da wuta babban faranti, a yi shiru a kan batir, cin amana ne ko da an ba shi rasit. Masu haɗa sola su ma su daina ƙyashin waya mai kauri da fiyus, domin batir babba da waya siririya gobara ce ke jiran rana. Hukumomin da suka ba Starlink lasisi da sunan kai intanet karkara kuwa, ya kamata su sauƙaƙa kuɗin fito a kan batir da allon sola, in ba haka ba sun ba mutane rijiya ne babu guga.

Kai kuma mai karatu, kafin ka biya, fara tabbatar da cewa dokar ƙasarka ta yarda da na'urar, domin a Afrilun 2024 kwastan na Kamaru sun ba da umarnin ƙwace ta a kan iyaka. Sannan ka ɗauki takarda da biro. Rubuta wat ɗin farantin, ka ninka shi da awannin da kake son ya yi aiki a yini, ka gwada da abin da batirinka zai iya bayarwa. In lissafin bai fita a takarda ba, wallahi ba zai fita a kan rufin ɗakinka ba.