Kun Auna Waƙar, Ina Kuka Kai Awon?

Da ku nake, masu haɗa manhajojin tara waƙoƙi a kwamfuta da waya. Akwai wani hali da da yawanku suka ɗauka wanda bai kamata ba, kuma an daɗe ana kau da kai a kansa. Mutum ya tara waƙoƙi dubbai, ya danna wurin daidaita ƙarar sauti, manhajarku ta kwana tana bin fayil ɗaya bayan ɗaya tana aunawa, kwamfuta ta ɗau zafi, batir ya ƙare. Gari ya waye, aiki ya yi kyau, waƙa na bin waƙa ba mai firgita shi. Sai ku kwashe sakamakon ku zuba a rumbun bayanan manhajarku, ku ja bakinku ku yi gum. Ba ku rubuta a jikin fayil ɗin ba, ba ku kuma gaya wa mai kaya inda kuka ajiye ba. Ran da ya sauya kwamfuta, ko ya kwafi waƙoƙin zuwa memori, ko rumbun naku ya lalace, ran nan zai gane wahalar banza ya sha. Wannan rashin riƙon amana ne, kuma ba ni da wani suna mai laushi da zan ba shi.

Abin da ake magana a kai bai taka kara ya karya ba. Lamba ce guda, wani lokaci biyu ko huɗu. Tun shekarar 2001 wani masani mai suna David Robinson ya fito da tsarin da ake kira ReplayGain. Dabararsa mai sauƙi ce: a saurari waƙa da na'ura ta hanyar da ta yi kusa da yadda kunnen ɗan Adam ke ji, a gwada ƙararta da wani ma'auni tsayayye, wanda aka tsayar a kan desibel 89, sannan a rubuta cewa wannan waƙa a rage mata desibel kaza, waccan a ƙara mata kaza. A gefe kuma a rubuta ƙololuwar da sautin ya kai, don kada a ƙara har ya fashe. Ana yin awo ɗaya don waƙar ita kaɗai, a yi wani don kundin waƙoƙin gaba ɗaya, saboda waƙar da mai ita ya so ta fito a hankali ta ci gaba da fitowa a hankali tsakanin 'yan'uwanta. Sautin kansa ba a taɓa shi. Na'urar da za ta kunna waƙar ce ke karanta lambar ta murɗa murya daidai da ita. Duk rubutun bai wuce ɗan layin saƙon waya ba.

Kuma wurin rubutawa yana nan, ba ku za ku ƙirƙiro shi ba. Fayil ɗin MP3 yana da fili a goshinsa, wanda ake kira ID3, inda ake sa sunan mawaƙi da sunan waƙa da hoton kundi. Fayilolin FLAC da Ogg suna da nasu filin. Manhajoji irin su foobar2000 sun shekara da shekaru suna rubuta lambar a nan, wasu manhajojin kuma suna karantawa ba tare da wata matsala ba. To me ya hana ku? Kuna iya rubuta sunan mawaƙi a jikin fayil, kuna iya cusa masa hoton da ya fi wannan lambar nauyi sau dubbai, amma da aka zo kan abin da ya ci wa mutum lokaci da wutar lantarki sai hannunku ya noƙe.

Wanda ya san kasuwar hatsi ya san bambancin. In mai awo ya rubuta nauyi a jikin buhu, duk garin da buhun ya sauka an san abin da ke ciki. In kuwa a littafinsa kaɗai ya rubuta ya kulle a akwati, to da buhu ya bar rumfarsa sai an sake ɗora shi a sikeli. Ku littafin kuka zaɓa, alhali kun san buhunan nan ba zaman rumfa suke yi ba.

Ba sa zama kuwa. A Kano da Kaduna da Damagaram, waƙa ta fi tafiya daga hannu zuwa hannu fiye da ta intanet. Mutum ya je wurin masu tura waƙa a waya a cika masa memori, ya dawo gida abokinsa ya karɓa ta Xender ko Bluetooth, direba ya kwafa a filashi ya soka a rediyon mota. A memori ɗaya za ka tarar da waƙar Mamman Shata da aka ɗauko daga tsohon kaset, sautinta a ƙasa, da karatun Alƙur'ani da wani ya naɗa a masallaci, da wa'azi, da sabuwar waƙar sutudiyo da aka matse sautinta har ya kai bango. Direba ya ƙure murya don ya ji kalangun Shata, waƙar ta ƙare, ta gaba ta faɗo kamar an buga ƙofar motar da guduma. Hannunsa ya bar sitiyari ya nufi rediyo yana tsakiyar titi. Wanda ke da abin ji a kunne kuwa, tsawar kai tsaye cikin dodon kunnensa take sauka. Tazarar desibel 10 kunne na jin ta kusan ninki biyu ne, kuma tsakanin tsohon naɗi da na yau ana samun irin wannan tazarar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce awa 40 a mako yana sauraro a desibel 80, kuma da an haura nan lokacin ke raguwa da sauri. Na san ba kowace rediyon mota ke karanta lambar daidaita sauti ba. Amma wadda ke iya karantawa ma me za ta karanta, tunda kun bar filin fayau?

Na san uzurin da kuke kawowa, kuma wasu daga ciki suna da ƙanshin gaskiya. Kuna cewa akwai mutanen da ba sa son a taɓa fayilolinsu ko kaɗan, domin da an ƙara harafi ɗaya manhajar ajiyar kwafi za ta ga fayil ya sauya ta sake kwafarsa. Haka ne. Kuna cewa fayil ɗin WAV ba shi da wurin rubutu da kowa ya yarda da shi. Wannan ma haka ne. Wani lokacin waƙoƙin suna kan faifan da ba a iya rubutu a kansa. Karanta lamba daga rumbu kuma ya fi buɗe fayil dubu goma sauri. Duk na ji. Sai dai duk waɗannan hujjoji ne na ajiye kwafin lambar a rumbu, babu ko ɗaya da ya ba ku izinin ɓoye wa mai kaya gaskiya. In ba za ku rubuta a fayil ba, ku faɗa masa kafin ya fara, da harshen da zai gane: awon nan a cikin manhajarmu zai zauna, in ka bar mu ba zai bi ka ba. Layi ɗaya ne. Kuna da wurin sa tallan sabon salo a fuskar manhaja, kuna da wurin roƙon a ba ku taurari biyar, amma ba ku da wurin wannan layin. Mutum sai ya yi ta tono a cikin saituna, ya buɗe fayil da wata manhajar daban yana leƙe, kafin ya san inda aikinsa ya shiga. Ina zargin wasunku sun fi son haka, domin wanda guminsa ke kulle a wurinku zai yi nauyin ƙafa wajen tafiya. In zargin bai dace da ku ba, hanyar wanke kai a buɗe take.

Akwai kuma na ɗaya ɓangaren, masu rubutu a fayil ba sallama. Mutum ya ƙara babban fayil ɗin waƙoƙinsa don ya saurara kawai, kafin ya ankara an bi su duka an yi musu rubutu, kwanan watan kowane fayil ya koma na yau. Laifin iri ɗaya ne da na farko: an yanke hukunci a kan dukiyar mutum ba da saninsa ba.

Ko waɗanda ke rubutawa ma, kowa da nasa yaren. iTunes na ajiye awonsa na Sound Check a wani fili mai suna iTunNORM, jerin lambobi da haruffa da ido ba ya karantawa, kuma ba kowace manhaja ta san da zamansa ba. A MP3 kaɗai, wani na rubuta ReplayGain a goshin fayil, wani a wutsiyarsa cikin tsarin APE, sai ka sami fayil ɗaya da lambobi biyu masu saɓa wa juna, kowace manhaja ta ɗauki wadda ta ga dama. Da ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ta fitar da ƙa'idarta ta R128 a 2010, ta tsayar da ma'auninta a kan 23 ƙasa da sifiri a sikelin LUFS. Sabon ReplayGain ya ɗauki hanyar awon amma ya tsaya a 18 ƙasa da sifiri. Fayilolin Opus kuma suna bin na 23. Tazarar biyar ke nan, kuma manhajar da ta karanta wannan da ma'aunin wancan za ta kunna waƙa da kuskuren desibel biyar cur. Duk wannan a rubuce yake a fili, kyauta, ga duk mai son karantawa. Mai haɗa manhajar da bai zauna ya karanta ba, ya kuma saki kayansa ga jama'a, ganganci ya yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda sakacinku ke tura mutane. Wanda ya gaji da murɗa murya, ya ga daidaitawar ba ta bin waƙoƙinsa, sai ya nemi maganin da zai zauna daram: ya buɗe fayil a manhajar gyaran sauti, ya ƙara masa ƙarfi, ya sake adana shi a matsayin MP3. To MP3 duk lokacin da aka sake matse shi sai ya zubar da wani abu da ba ya dawowa. In kuma ƙarin ya wuce iyaka, kan sautin ya yanke, ganga ta koma ƙarar kwano. Sai ya goge na asali saboda memori ya cika. Idan wannan naɗin na Ɗan Maraya Jos ne da aka ceto daga kaset ɗin da ya riga ya tsinke, to kuntigin da mutane za su gāda ke nan, a gurguje. Akwai manhajar MP3Gain da ke sauya ƙarar ba tare da sake matsewa ba, taki-taki na desibel ɗaya da rabi, tana kuma ajiye bayanin yadda za a mayar da fayil yadda yake a wutsiyarsa. Amma sai wata manhajar ta zo da sunan share bayanan da ba ta gane ba ta goge wutsiyar, hanyar komawa ta toshe. Mai waƙa bai san an yi ba.

Abin da ake nema a wurinku bai fi ƙarfinku ba. Kafin awo ya fara, ku tambayi mutum: a rubuta a jikin fayil, ko a bar shi a rumbu, ko duka biyun? In ya zaɓi fayil, ku rubuta da sunayen da sauran manhajoji suka sani, ku bar ƙirƙiro naku. In fayil ɗin ba ya karɓar rubutu, ku nuna masa sunayen waɗanda suka ƙi, kada ku tsallake su shiru ku ce an gama. In kun tarar da lamba a fayil tun kafin ku zo, ku karanta ta, ku daina sa kwamfutar talaka ta sake aikin da aka riga aka yi da wutar da ya saya da kuɗinsa a shagon caji. Wanda kuma ya riga ya yi shekaru yana awo a cikin rumbunku, ku ba shi maɓalli ɗaya da zai kwashe lambobin nan ya mayar da su jikin waƙoƙinsa, ko da gobe zai goge manhajarku.