Fasinja Biyu, Bel Ɗaya

Tun ranar 1 ga Janairu, 2003 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta ɗaura bel a mota. Yau fiye da shekara 20 ke nan, amma duk mai shiga motar haya tsakanin Rano da Kibiya ya san inda dokar ta kwana. Mutum biyu ake cusawa a kujerar gaba, alhali bel ɗinta ɗaya ne. Wa zai ɗaura, wa zai haƙura? Shi kuwa direba, sai ya hango jami'ai yake yafa nasa a kafaɗa kamar gyale. Furucinmu ma kan tona asirinmu: "Ja bel, ga su can!" Wato tarar ake tsoro, ba karon ba.

Alhali motar da ta yi karo tana gudun kilomita 50 a awa, na cikinta tamkar ya faɗo ne daga tsayin mita 10. Ba hannun da zai iya tokare wannan. Ɗaurin ma yana da ƙa'ida: igiyar ƙasa ta kwanta kan ƙashin ƙugu, ba kan ciki ba, musamman ga mai juna biyu, ta sama ta bi tsakiyar kafaɗa, ba wuya ba. Wanda ya kwantar da kujera kamar gado kuwa, sulalewa zai yi ta ƙarƙashin bel ɗin.

A ganina, gyaran a tasha yake. Shugabannin ƙungiyar direbobi a Rano da Kibiya ne ke kan lodi. Su hana fasinja na biyu a gaba, ko da kuɗin mota zai ɗan ƙaru.