Ƙananan sana'o'i a Nijar: kafa tebur ba wuya, riƙe jari ne aiki

Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, da wuya a wuce kwana guda ba a ga mai shayi, mai ƙosai, mai cajin salula ko yaro da kwalaben mai ba. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, kuma aikin albashi bai isa ko'ina ba, waɗannan tebura su ne ke ɗora tukunya a gidaje da dama. Sai dai abubuwan da suka faru tun 2023 sun nuna cewa ƙaramin jari shi ne farkon wanda ke jin jiki idan al'amura suka motsa.

Lissafin teburin

Mu ɗauki misali. Mace ta sayi wake, mai, yaji da itace na jaka 10 da safe, ta tashi da jaka 11 da rabi da yamma. Ribarta sefa 1.500 ke nan. In ta fita kwana 26 a wata ta haɗa jaka 39, abin da ya kusa kamo mafi ƙanƙantar albashi na jaka 42 da ya soma aiki a watan Janairun 2024. Wannan shi ke jan mutane zuwa sana'ar: da jari kaɗan ana ganin kuɗi tun ranar farko.

To amma kayan nan su tashi da kashi 10 cikin ɗari kawai, sayayyarta ta koma jaka 11, riba ta faɗo zuwa 500. Kashi biyu cikin uku sun tafi. Kuma ba ta da halin ƙara farashi yadda babban ɗan kasuwa ke yi, don ƙosan dala biyar in ya tashi sai dai ya zama na dala goma, mai saye kuwa ya juya baya. Abin da ya rage mata shi ne ta rage girman ƙosai, ko ta soma taɓa uwar kuɗi.

Girgizar da ta biyo baya

A ƙarshen watan Mayun 2023 Najeriya ta janye tallafin man fetur, lamarin da ya tsadar da man da ake shigowa da shi ta bayan fage. Daga baya, a watan Yulin 2024, gwamnatin Nijar ta sauko da litar fetur zuwa sefa 499. Masu mota da ƴan kabu-kabu sun ji daɗi, amma ratar da masu kwalabe ke ci a cikinta ta tsuke.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma, takunkumin CEDEAO ya rufe iyakoki, Najeriya ta katse wutar lantarki. Masu sayar da ƙanƙara, ruwan sanyi da zoɓo suka rasa firij mai aiki, masu sarin kaya a Jibiya ko Illela suka rasa hanya. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma rufe iyakar Benin ya karkata kayan tashar ruwa zuwa Lome ta Burkina Faso, hanya mai tsawo da tsada. Wannan ƙarin yana sauka ne a kan kwalin sukari da gwangwanin madarar mai shayi.

Faɗuwar naira ta zo da fuska biyu: mai sefa ya samu sauƙin sari a Kano da Katsina, mai kai wake ko dabba can kuwa ya dawo da kuɗin da ba su da nauyi.

Ina ake samun jari?

Banki na neman jingina da takardu, waɗanda mai tebur ba shi da su. Cibiyoyin ƙananan lamuni na iya kai ruwan bashi har kashi 24 cikin ɗari a shekara bisa ƙa'idar UEMOA, ga kuma masu gudun riba saboda addini. Shi ya sa adashe da taimakon dangi suka fi tasiri. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta soma a jihar Maraɗi a 1991 kafin ya bazu a ƙasashe da yawa, ya tsaya ne kan abu guda: zubi kowane mako a akwatin da hannu ɗaya ba ya iya buɗewa.

Nan ne asirin yake. Abin da ya fi kashe tebur ba rashin ciniki ba ne kaɗai, har da haɗa aljihun sana'a da na cefane. Rashin lafiyar yaro, suna, biki da bashin maƙwabcin da ake jin nauyin tambaya, duk daga gwangwani ɗaya ake ɗiba. Masu daɗewa a sana'a su ne waɗanda ke ware kuɗin sari tun kafin su ƙirga riba, suke kuma rubuta bashi ko da a bayan kwali ne.

Nauyin da ke kan hukuma

Mai tebur na biyan tikitin kasuwa, amma wurin da yake zaune ba nasa ba ne. Mazauna Yamai ba su manta rusau ɗin rumfunan bakin titi na 2016 ba, inda wasu suka wayi gari babu jari babu wuri. Tsabtace gari haƙƙin hukuma ne, sai dai wanda ke karɓar kuɗinka kullum ya kamata ya nuna maka inda za ka koma kafin ya tashe ka.

Tun bayan rushe majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024, wannan aiki ya rataya ne a wuyan kantomomin da aka naɗa. Keɓe filaye kusa da inda masu saye suke, bayyana kuɗin tikiti a fili da ba da wa'adi kafin rusau ba sa buƙatar babban kasafi. A kan irin waɗannan ne mai ƙosai da mai shayi za su auna ko alƙawarin dogaro da kai ya iso bakin teburinsu.