Kafin a ba yaro ƙarfe, a leƙa rumbun jikinsa

Duk wanda ya taɓa zama a likita a Agye, Gazawa ko Gidan Rumji cikin watan Satumba ya san wannan magana: «Yaron nan ba shi da jini.» Binciken lafiyar al'umma na shekarar 2012 ya nuna cewa kashi 73 cikin ɗari na yaran Nijar ƴan ƙasa da shekara biyar suna da ƙarancin jini. Amma faɗin haka bai nuna dalili ba. Rashin sinadarin ƙarfe cikin abinci yana kawo shi, haka kuma masassarar cizon sauro, da tsutsar ciki, da amosanin jini, kuma kowane da nasa magani.

Jikin ɗan Adam yana da rumbu, kamar yadda manomi yake da shi. Ƙarfen da jiki bai buƙata yau, sai ya adana shi cikin wani abu mai suna feritin, galibi a hanta da saifa da ɓargo. Wani masani ɗan ƙasar Cekoslobakiya, Laufberger, shi ya fara ware shi daga saifar doki a 1937. Ɗan kaɗan daga wannan feritin yana fita cikin jini, kuma yawansa yana nuna ko rumbun cike yake ko ya ƙare.

To, yaya ake auna abin da ido ba ya gani? Da antikor, wato ƙwayoyin garkuwar jiki, waɗanda kowace take gane abu guda ta maƙale masa, kamar makulli da kwaɗonsa. Masana sun koyi samar da irin wadda ba ta kama komi sai feritin, suka sa mata alama, yadda za a ƙidaya abin da ta kama cikin ɗigon jini. A 1972 aka fara wannan awo a Kadif ta ƙasar Birtaniya. A 1975 kuma Köhler da Milstein suka gano hanyar samar da antikor iri ɗaya tak, da yawa, cikin ɗakin bincike.

Wani zai ce: ina ruwan talaka da wannan, a raba ƙwayar ƙarfe ga kowa mana, tunda ba ta da tsada. Amsar tana tsibirin Pemba na ƙasar Tanzaniya, inda sauro ya yi yawa. An ba dubban yara ƙarfe ba tare da an auna ba, sai aka ga masu kwanciya asibiti sun ƙaru cikin waɗanda suka sha, har aka tsaida aikin; an bayyana sakamakon a 2006. Yaron da rumbunsa ya ƙare ya amfana, wanda nasa ke cike kuwa bai samu komi ba sai haɗari. Shi ya sa Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce a 2016, inda akwai masassara, a haɗa ba da ƙarfe da rigakafinta da maganinta.

Ra'ayinmu shi ne wannan awo ya sauko zuwa ɗakunan binciken asibitocin gundumomi. Ba mu ce a auna kowane yaro ba, ƙarfin ƙasa bai kai nan ba, ga maganin awon yana son sanyi da lantarki mai tsayawa. A zaɓi wasu garuruwa cikin gundumomin uku, a auna yara da mata masu ciki, domin mahukunta su san inda ƙarfe ne ya gaza da inda sauro ne ke shan jini. Sai dai a yi hattara, ciwo yana ɗaga feritin ko da rumbun wayam yake. Ƙa'idar 2020 ta ce yaro lafiyayye yana cikin rashi in bai kai mikrogram 12 cikin lita ba, marar lafiya kuwa sai a ɗauki 30. Saboda haka a yi awon da rani, lokacin da masassara ta lafa, a kuma haɗa shi da awon kumburin jiki.

Ga ma'aikatan gona ma akwai amfani. A 2018 aka fitar da irin hatsi mai suna Chakti a Nijar, wanda cibiyar ICRISAT ta inganta domin ya ƙunshi ƙarfe fiye da na gargajiya. Garuruwan da awo ya nuna rumbunan yaransu sun fi ƙarewa, su ya kamata a fara kai wa irin kafin ruwan farko.