Idan Labarinmu a Fagge Ya Faru, Mu Karanta wa 'Yan Fagge

'Yan uwa marubuta, akwai wata ɗabi'a da ta yi mana yawa a labaran da muke sakawa a waya. Jarumi zai fito daga "wata unguwa ta masu hannu da shuni", ya bi "wani babban titi", ya isa "wani katafaren kamfani". Idan muka ambaci sunan gari kuwa, sai ka ga Dubai ko Landan, garuruwan da yawancinmu a hoto kawai muka gani. Ra'ayinmu a wannan makon shi ne mu dawo da labaranmu garuruwan da muka sani, sannan mu tsaya gaban mutanen garin mu karanta musu da bakinmu.

Magabatanmu sun riga mu yin haka. A cikin littattafan da suka fito a 1934, Bello Kagara ya kafa Ganɗoki a Kwantagora lokacin yaƙi da Turawa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ɗauko Shaihu Umar daga Kagara, ya bi da shi Kano, ya tsallaka da shi Sahara ta hanyar da fatake da bayi suka bi. Sunayen nan na gaskiya su suka sa mai karatu ya ji kamar tarihin kakanninsa ake ba shi.

Sai dai ambaton wuri amana ce. Duk wanda ya rubuta Kano ya ɗauki alkawarin cewa ya san atamfa ake nema a Kantin Kwari, hatsi a Dawanau, waya a Farm Centre, kayan masarufi a Singa. Ya san an hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin tun 2013, don haka budurwar da ta tare ɗan acaɓa a Zoo Road a labarin da ya faru a 2018 tana buƙatar bayani, ko kuma a sa ta a A Daidaita Sahu. Wanda ya hau da jaruminsa jirgin ƙasan Abuja daga Kaduna ya san a Rigasa ake shiga, kuma kafin 2016 babu wannan jirgin. Haka bakin mutane: tsohuwar da ta tashi a Sakkwato "mi" za ta ce, ba "me" irin ta Bakano ba.

To wa zai kamo mana waɗannan kurakurai kafin su bazu? Nan ne karatu a gaban jama'a yake da amfani. A waya, mai karatu yana wuce kuskure ya rubuta "Allah ya ƙara basira" don kada ya ɓata mana rai. A zaure kuwa, da zarar mun sa jarumi ya taka daga Ƙofar Mata zuwa Dawanau cikin minti biyar, za mu ji dariya ta tashi, kuma dariyar nan gyara ce kyauta. Kunne kuma yana jin abin da ido ya bari: jimlar da numfashi ya ƙare kafin a kai ƙarshenta, hirar da babu Bahaushen da ke yin irinta, kalmar da muka maimaita sau huɗu a sakin layi ɗaya. Adabinmu ma ta baki ya fara, daga tatsuniyar dandali zuwa waƙoƙin da ake rerawa, har zuwa littattafan da gidajen rediyo ke karantawa mata suna saurare a tsakar gida.

Wani zai ce ƙirƙirarren gari ya fi ba marubuci 'yanci. Gaskiya ne, kuma Abubakar Imam ya yi amfani da shi sosai a Magana Jari Ce. Wanda ya zaɓi wannan don labarinsa haka yake buƙata, ya kyauta. Wanda muke ja da shi shi ne mai ɓoye sunan gari don ƙyuyar bincike. Akwai kuma iyaka da ya kamata mu kiyaye ko a gari na gaskiya: titi da kasuwa da tasha na kowa ne, amma gidan wani, shagon wani ko asibitin wani da za a iya gane shi, kada mu jingina masa laifin da muka ƙago. Mu sa wa gidan sunan da babu shi.

Ba sai mun jira babban taro irin KABAFEST ko HIBAF ba, duk da zuwa can yana buɗe ido. Mutum shida a ajin makaranta da yammacin Asabar sun isa. Kowa ya karanta shafi uku cikin minti goma, a gayyato aƙalla mutum ɗaya ɗan unguwar da labarin ya faru wanda ba marubuci ba, tela ne ko direba ko mai koko. Idan an gama, mai karatu ya yi shiru ya rubuta abin da aka ce, ba tare da kare kansa ba.

Kafin zaman, mu je wurin da ƙafarmu, mu ga abin da ake sayarwa a bakin titin, mu tambayi kuɗin mota, mu saurari yadda ake ciniki. Wanda ke da labarin da ya kafa a Fagge, Tudun Wada ko Damagaram ya fito da babin farko, mu sa rana.