Mita yake buƙata, ba hoto da gwamna ba

Watan jiya na je Gwaram ta'aziyya, dare ya yi mini, na kwana gidan ƙanwata. Da magariba ta yi, wuta babu kamar kullum, sai ɗanta, wani saurayin yaro ɗan aji biyu a babbar sakandare, ya fito da fitila ya rataya a ƙofar zaure. Irin tocilar nan ce ta caji mai jikin roba da ake zubawa a tabarma a kasuwar Sara, sai dai ita wannan an fasa bayanta an naɗe da salatif, ga wata 'yar jar waya ta leƙo kamar wutsiyar ƙadangare. Muka yi isha'i, muka ci tuwo, muka yi hira har sha ɗaya ta gota, haskenta bai ko dusashe ba. Ni kuwa na san halin irin waɗannan fitilu, don na binne sun fi biyar a gidana.

Na ce, "Kai, ina ka samo wannan?"

Ya ce, "Kawu, a bola na tsince ta."

Ya zauna ya warware mini. Batirin da irin waɗannan fitilu suke zuwa da shi ɗan ƙarami ne na dalma da ruwan asid, wata uku zuwa huɗu ya mutu, mai ita ya yar. Shi kuma sai ya je wajen 'yan jari bola ya sayi mataccen batirin kwamfutar tafi-da-gidanka, ya fasa. A ciki akwai ƙwayoyi, galibi shida, masu kama da batirin rediyo amma sun fi tsayi. Su ake kira 18650, don faɗinsu milimita 18 ne, tsayinsu 65. Sau da yawa biyu ne kawai suka mutu suka ja wa sauran, huɗun na nan da ransu. Ya ɗauki ɗaya ya sa a cikin fitilar, ya haɗa da wani ɗan fanel da bai kai ɗan yatsa ba wanda ke tsayar da caji idan batirin ya cika, shi ke nan. Fitilar da ta mutu ta dawo ta fi sabuwa.

Uwarsa tana daga tsakar gida tana jin mu. Ta ce, "Yaya, don Allah ka yi masa faɗa, ya cika mini ɗaki da tarkace. Ko tsintsiya ba ta shiga." Ban yi masa faɗa ba. Tambayarsa na yi yadda yake gane ƙwayar da ke da rai da wadda ta mutu. Ya ce yana jona mata ɗan ƙwan fitila, in ya kama da haske to tana da rai. Wani lokaci kuma, in ji shi, ya kan ɗan taɓa wayar a harshe.

Wannan amsar ce ta hana ni barci, kuma ita ce dalilin rubutun yau.

Yaranmu ba su taɓa rasa hannu ba. Mu da muka tashi da motar kara da motar langa-langa mun san haka. Na yanzu sun wuce mu: suna cire motar tsohuwar na'urar DVD su yi fanka, su yi jirgi da kwali mai farfela tana juyawa, su yi tifa da sirinjin allura tana ɗaga baya tana juye yashi. Daga Birnin Kudu zuwa Basirka, da wuya ka shiga unguwa ba a nuna maka wani yaro an ce "wannan ai injiniya ne" ba. Abin da muke yi da su ne ke ba ni haushi. Wani ya ɗauki hoton yaro da jirginsa ya sa a Facebook, a yi ta Masha Allah, a yi ta kiran gwamnati ta shigo. In an yi sa'a wani mai muƙami ya kira shi ofis, a yi hoto, a ba shi ambulan. Bayan sati biyu an manta. Yaro ya koma gida da hoto a waya, iliminsa na nan inda yake, ya sake yin wani jirgin kwalin da ya fi na farko girma.

A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar Honda Civic da tarkacen motoci, har yana ɗagawa ƙafa kaɗan daga ƙasa. Jaridun Turai da Amurka sun buga. Tun daga lokacin muka ɗauka cewa ƙirƙira ita ce abin da zai ba mutane mamaki, abu mai fiffike ko mai taya. Yaron da ya farfaɗo da fitila daga bola ba ya cikin lissafi, don fitila ba ta jan jama'a. Alhali shi ne ya magance matsalar da ke cikin kowane gida a garinsu.

Tsakanin mai kwaikwayo da masani akwai abu guda, shi ne awo. Masu gyaran rediyo da waya suna da wata 'yar na'ura mai wayoyi biyu, ja da baƙa, suna ce mata mita. Kuɗinta bai kai na buhun siminti ba. Da ita ake sanin cewa ƙwayar 18650 in ta cika bolt 4.2 take nunawa, aikinta na yau da kullum a 3.7, in kuma ta faɗi ƙasa da 2.5 ta daɗe a haka, to a rabu da ita, don cajinta haɗari ne. Ƙwan fitila ba zai gaya maka wannan ba, harshe balle. Da mita ne yaro zai ga da idonsa abin da malamin fiziks ya rubuta a allo game da dokar Ohm, wadda ya haddace don jarrabawa ya zubar a ƙofar aji. Ɗan ƙanwata ya san dokar, ya karanto mini ita ba tuntuɓe. Bai taɓa sanin tana da alaƙa da tarkacen da ke ƙarƙashin gadonsa ba. Gani ya kori ji, amma shi ji kawai aka ba shi.

Kuma maganar ba ta tsaya a kan ilimi ba, akwai rai a ciki. Batirin litiyam, irin ƙwayoyin nan, ba abin wasa ba ne. In aka yi masa caji ya wuce kima, ko aka huda shi, ko wayoyinsa suka haɗu, yana kama wuta da kansa, wuta mai zafin gaske da wuyar kashewa. Ni kaina na gani. Wani mai rumfar cajin waya da nake hulɗa da shi ya haɗa ƙwayoyi fiye da ashirin, tsofaffi da sababbi a cakuɗe, ba tare da fanel ɗin da ke daidaita su ba, don ya samu abin da zai riƙe masa rumfa da dare. Rana ɗaya da azahar abin ya fara hayaƙi. Allah ya kiyaye, tabarma da wayoyi uku kawai suka ƙone, ɗaya tawa ce. Bai yi don mugunta ba, babu wanda ya taɓa nuna masa. Yanzu a ɗakunan yara nawa ake irin wannan haɗin, kusa da katifa da gidan sauro?

Abin da ya sa lamarin ya zama na gaggawa shi ne yadda kayan lantarki suka mamaye mu cikin 'yan shekarun nan. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, janareta ya zama kayan ado a gidaje da yawa. Jama'a suka koma sola. Dubi rufin shaguna a bakin titin Kano zuwa Maiduguri inda ya ratsa Birnin Kudu: mai POS da farantinsa, mai kemis da nasa, mai sayar da ruwan sanyi da nasa. Masu noman rani sun fara ajiye injin fetur suna sayen famfon sola. Fanka ta caji, talabijin ta sola, fawa banki a kowane aljihu. Duk waɗannan kaya ne da ke lalacewa, kuma mafi yawan lalacewarsu ƙarama ce. Farantin da aka rubuta wa bolt 12 yana fitar da wajen 18 yana aiki, ya haura 20 in ba a jona masa komai ba. Mutum ya jona shi kai tsaye da batirin mota ba kwantirola a tsakani, ya dafa batirin cikin wata biyu, ya ce kayan China ba su da kyau. Batirin mota ma ba don wannan aikin aka yi shi ba, an yi shi ne ya ba da ƙarfi na daƙiƙa kaɗan ya tayar da inji, ba ya kwana yana jan fanka ba. Ƙurar hunturu ta rufe faranti, zafin bazara ya rage masa ƙarfi, mai shi ya ɗauka ya mutu. Wa zai gaya wa manomin Kila ko Fagam wannan? In inbata ta tsaya, sai a ɗaure ta a bayan mota a yi Kano, tafiyar fiye da kilomita ɗari, a kashe kuɗin mota da na abinci, a ƙarshe a tarar fiyus ne ko tiransisto guda.

Su kuma kamfanonin da ke ƙera kayan lantarki sun koma rufe kayansu ruf. Tsohuwar rediyo da sukurori huɗu ake buɗe ta, kayan cikinta manya ne, yaro yana iya bin layi da ido. Masu gyaran rediyon da muka sani a da, a haka suka koya. Wayar yau da gam aka liƙe ta, batirin a manne, kayan cikin sun fi ƙwayar gero ƙanƙanta, sai da iska mai zafi da madubin ƙara girma. Turawa ma abin ya ishe su. Tarayyar Turai ta tilasta bakin caji iri ɗaya, USB-C, daga ƙarshen 2024, har Apple ya sauya tun daga iPhone 15 a 2023. A 2024 ta kafa dokar da ta ba mai kaya 'yancin a gyara masa, a wata dokar kuma ta sa 2027 a matsayin lokacin da batirin ƙananan na'urori zai zama wanda za a iya cirewa a sauya. Mu da Tecno da Itel da Infinix suka fi yawa a hannunmu, duk na kamfanin Transsion na Shenzhen, za mu ci albarkacin wannan ko ba mu nema ba, kamar yadda caja ɗaya ta fara isar gida guda. Amma ko an buɗe mana wayar, sai da wanda ya san abin da yake kallo.

Jigawa ba baƙuwa ba ce a harkar fasaha. Zamanin Saminu Turaki aka kafa cibiyar koyon kwamfuta ta Kazaure da kamfanin intanet na Galaxy, lokacin da jihohi da yawa ba su san inda aka dosa ba. Shugaban hukumar NITDA, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗejia ne. Gwamnatin tarayya ta fito da shirin 3MTT a 2023 don koya wa matasa miliyan uku fasahar zamani. Duk na yaba. Sai dai kusan duk hankalin ya tafi kan allo da madannai. A raba kwamfuta, a koyar da rubuta manhaja, a yi bikin yaye ɗalibai. Ita kwamfutar da wace wuta za ta yi aiki, kuma in cajarta ta ƙone wa zai duba? Wannan ɓangaren mun bar wa tsautsayi da almajirancin bakin titi, inda yaro zai shekara biyu yana sayo wa oga abinci kafin a bar shi ya riƙe ƙarfen narka dalma.

Abin da nake nema bai kai a kafa kwamiti ba. Tebur ɗaya a kowace babbar sakandare, mita goma, ƙarfen dalma biyar, kwali guda na resista da kafasita da wayoyi, da ɗan farantin sola da zai ba su wuta. A ɗauko mai gyara ƙwararre daga cikin gari, a biya shi, ya riƙa zuwa yammacin Laraba yana zama tare da malamin fiziks, ɗaya ya san hannu ɗaya ya san dalili. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ta yaye manyan mutane, ciki har da Aliko Dangote. Tsofaffin ɗalibanta za su iya wannan da kuɗin shayin taronsu na shekara. 'Yan mata kuma a sa su a ciki tun farko, kada a ce sai an ga yadda ta yiwu, don su ne ke zaune da fitilun nan da fankokin idan sun mutu.

Sai kuma 'yan kasuwarmu. Yaro a Gwaram in yana son ɗan fanel na naira ɗaruruwa, sai ya jira wani mai zuwa Kano ya biya masa Farm Centre ko Sabon Gari, ya kwatanta masa a waya, a kawo masa wanda ba shi ba. A wasu ƙasashe yara na wasa da ƙananan fanel irin su Arduino, wanda aka fito da shi a Italiya a 2005, da ESP32 mai haɗa kansa da intanet, suna yin abin da zai kunna famfo idan ƙasa ta bushe ya kashe idan tanki ya cika. Ga mu da fadama da rijiyoyin burtsatse. Mai shagon da ya ware kanta ɗaya ya zuba irin waɗannan kaya a Birnin Kudu ba sadaka zai yi ba, ciniki zai yi, don masu saye suna nan, hanya ce ba su da ita.

Asabar ɗin da ta wuce na koma Gwaram da mita a leda. Uwarsa ta dube ni ta ce, "Yaya, kai da na kai wa ƙara?" Shi kuwa ko gaisuwa bai gama ba ya zube a tabarma ya kwaso ƙwayoyinsa yana aunawa ɗaya bayan ɗaya. Cikin goma sha huɗu, biyar ya ware gefe, ciki har da biyu da a da ƙwan fitila ya ce masa lafiyarsu lau. Da ya gama sai ya hango fawa bankina, wadda na saya a wata tasha watanni huɗu da suka wuce, jikinta an rubuta 30,000 da manyan baƙaƙe, ga nauyi kamar bulo, amma ko waya ɗaya ba ta cikawa sau biyu.

Ya ce, "Kawu, in buɗe?"

Na ce buɗe. Ƙwayoyi shida ne a jere, gwanin sha'awa. Ya ɗora wayoyin mita a kan ta farko, 3.9. Ta biyu, 3.9. Ta uku, sifili. Ta huɗu, ta biyar, ta shida, duk sifili, ko jona su ba a yi da kyau ba. Ya ɗauki ɗaya ya girgiza a kusa da kunne, ya miƙo mini. Ya sa filaya ya ɓalle kanta, ya juye a tafin hannu. Yashi ne, mai laushi, irin na bakin kogi.